Tsufa Ba Ya Lalata Hali, a Daina Kiran Tsofaffinmu Mayu

Na gaji da ganin wani irin bidiyo da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Tsohuwa ce zaune a bakin kwata, ba ɗankwali, matasa sun kewaye ta kowa ya ɗaga waya. An tambaye ta sunanta ta kasa faɗa. An tambaye ta inda ta fito, ta ambaci ƙauyen da ta baro tun tana amarya. Sai wani daga baya ya ce ai mayya ce, gari ne ya waye mata a hanya, kuma kafin azahar magana ta gama unguwa. Wanda ke faruwa a cikin gidaje ya fi wannan yawa, sai dai shi ba a ɗaukarsa a waya. Hajiyar da aka sani da kawaici ta fara ɗura wa surukarta ashar, tana rantsuwa an sace mata kuɗi a ƙarƙashin katifa. Malamin da ya shekara arba'in yana jan salla ya fara yi wa 'yan mata maganar da bai taɓa yi ba ko da yana saurayi. Nan da nan gida ya rabu uku: masu cewa sammu ne, masu cewa dama can halinta ke nan yanzu ne ta daina ɓoyewa, da masu ɗaga kafaɗa su ce tsufa ne, haka yake zuwa. Duka ukun sun yi kuskure, kuma na ukun ne ya fi yin ɓarna, domin ya yi kama da hankali.

Don a gane dalili, a fara da hali kansa. Masana halayyar ɗan Adam sukan kasa hali gida biyar: son sabon abu, tsari da riƙon amana, son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, sai saurin damuwa da fushi. Kowa yana da rabonsa a kowanne.

Mun taso muna jin cewa hali zanen dutse ne, kuma Turawa ma sun daɗe a kan haka. A 1890 wani babban masani ɗan Amurka, William James, ya rubuta cewa mutum na kai shekara 30 halinsa ya daskare ke nan. Da aka zo aka bi mutane shekara da shekaru ana auna su, sai magana ta sha bamban. A 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka tattara bincike 92 waɗanda aka bi mutane iri ɗaya na tsawon lokaci, suka ga hali yana motsi har bayan shekara sittin. Ga kuma inda ya dosa: yawancin mutane suna ƙara natsuwa, suna ƙara riƙe alƙawari da tsara al'amuransu, saurin fushi da fargaba na raguwa, sauƙin kai na ƙaruwa. Mafi yawan wannan sauyi yana faruwa ne tsakanin shekara 20 da 40, lokacin aure da haihuwa da neman na kai, lokacin da nauyi ke tilasta wa mutum ya tashi da asuba ko yana so ko ba ya so. A Sikotland kuwa, a 1950 malaman makaranta sun auna halayen yara 1,208 'yan shekara 14. A 2012 aka shiga neman su, aka sake auna 174 daga cikinsu suna da kusan shekara 77, aka tarar da kyar za ka gane yaron jiya a jikin tsohon yau. Adadin waɗanda aka samo bai da yawa, don haka ba a ɗora wa wannan bincike kaya fiye da ƙarfinsa. Sauran bincike sun nuna wanda ya fi sa'o'insa surutu yana yaro yakan fi su surutu har tsufa. Amma shi da su duk sun matsa daga inda suke.

Mu ma ai mun san haka, mantawa muke yi. Idan rigimar gado ko ta aure ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wa ake kira? Dattawa. Uban da ya yi wa 'ya'yansa horon bulala, shi ne yau jika ke ja wa gemu yana dariya. Laura Carstensen ta jami'ar Stanford ta bayyana dalilin: idan mutum ya fahimci sauran kwanansa ba su kai waɗanda suka wuce ba, yakan rage tara jama'a, ya riƙe 'yan kaɗan da yake ƙauna, ya daina kashe ransa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Alƙur'ani ma ya ambaci shekara arba'in a Suratul Ahƙafi a matsayin lokacin cikar ƙarfi da hankali. Gaskiya ne tsoho yakan rage sha'awar sabon abu, ya fi son tuwonsa da rediyonsa da tabarmarsa a inda ya saba, kuma idan shekaru suka yi nisa sosai ga ciwo, wasu sukan ɗan yi sakaci da tsari. Wannan kuwa a hankali yake zuwa, cikin shekaru, har na kusa da shi ba ya lura.

To idan haka tsufa ke yi, ta yaya za a ɗora masa laifin tsohuwar da ta juye cikin wata shida ta zama wata daban? Mutumin da ya shekara saba'in yana da kunya ba ya wayar gari ya rasa ta saboda ya ƙara shekara ɗaya. Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma tsofaffi da yawa suna kai casa'in da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Kashi 60 zuwa 70 na masu shi nau'in Alzheimer ne ke damunsu. Matar da likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyana ciwon a kanta a 1906, shekararta 51 lokacin da aka kwantar da ita a Frankfurt, kuma cikin alamunta na farko akwai zargin mijinta da kishi marar dalili. Da a wata unguwar tamu take, da an ce kishiya ta yi mata asiri.

A duba yadda abin ke aiki. Hajiya ta ɓoye kuɗinta a cikin kwalla, ƙwaƙwalwarta ba ta riƙe cewa ta yi hakan ba. Ta duba ƙarƙashin katifa babu. A wurinta bayani ɗaya ne ya rage: wani ya ɗauka. Wa ke shiga ɗakin kullum? Suruka, ko jikar da ke kawo mata abinci. Shi ya sa wanda ya fi yi mata hidima shi ya fi shan zargi. Fitar dare ma haka take: ciwon yana rikita barci, yakan tsananta da magariba, ta tashi tana neman gidan ubanta da aka rushe tun zamanin mulkin soja, ta fita ta kasa gane hanyar dawowa. Idan kuma taron jama'a ya tsare ta ana daka mata tsawa, "Ke ce kika kama kurwar yaron nan?", za ta ce e. Wanda bai san ranar da yake ciki ba zai amsa duk abin da aka sa masa a baki. Wannan ne wasu ke kira "ta amsa da bakinta". Kaico!

Masu cewa asalin halinta ne ya fito su ma su saurara. Gaban ƙwaƙwalwa shi ne birkin mutum, shi ke tsayar da maganar da ta zo baki kafin ta fita. Kowa yana da abin da ke ɗarsuwa a ransa ya danne, ni da kai duka. Akwai nau'in ciwon da ke fara cin wannan wuri tun kafin mantuwa ta bayyana, kuma yakan kama mutane tsakanin shekara 45 da 65. Shi ne iyalin ɗan fim ɗin Amurka Bruce Willis suka sanar yana fama da shi a 2023. Mai irin wannan da farko yana gane kowa, yana tuna komai, amma kunya da tausayi sun zube. Shekarun da ya yi yana danne zuciyarsa su ne halinsa, kuma rashin adalci ne a shafe su saboda abin da ciwo ya sa shi yi a ƙarshe.

Wanda yake ganin maganar maita wasa ce ya tuna Kafaba a arewacin Gana, inda a watan Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta da rana tsaka bayan an kira ta mayya, mutane na tsaye suna kallo, wasu na ɗauka a waya. Har yau akwai sansanonin da matan da aka kora da wannan zargi ke fakewa, irin na Gambaga. Majalisar dokokin ƙasar ta zartar da ƙudirin haramta zargin maita a 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Ka lura kuma, ba a taɓa kiran uwar mai kuɗi mayya. Kullum gwauruwa ce, ko wadda ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta ba su da ƙarfin tare mata.

Ba gigin tsufa kaɗai ke juya tsoho ba. Ciwon damuwa bayan rasuwar miji ko barin aiki, da raunin ji, da ƙananan shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, su ma suna sauya hali.

Idan aka ga tsoho ya sauya, abu na farko da za a tambaya shi ne yaushe abin ya fara. Idan jiya Baba lafiya lau yake, yau ya rikice yana sambatu yana ganin abin da babu, wannan na gaggawa ne, a kai shi asibiti a ranar. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko suga da ya faɗi, ko wani magani da bai karɓe shi ba, ko faɗuwar da ya yi ya bugu a ka makonni da suka wuce ba wanda ya damu. Irin wannan ruɗewa tana warkewa idan an magance sanadinta, tana kuma kisa idan aka tsaya hayaƙi da turare kwana uku. Idan baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, ko minti ɗaya kada a ƙara.

Idan kuwa a hankali abin ke tafiya cikin watanni, a je babban asibiti a nemi a duba jini da suga da fitsari, a duba ido da kunne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. A zuba duk magungunan da Hajiya take sha a leda a tafi da su, har da na gargajiya da na kemis. Wanda zai raka ta ya zama mai kwana da tashi da ita, domin ɗan da ke zuwa daga Abuja ranar salla zai ce wa likita "Hajiya lafiyarta ƙalau", ita kuma za ta gaishe da likitan da fara'a ta rufa wa kanta asiri. Alzheimer ba shi da maganin warkewa zuwa yanzu, amma akwai magungunan da ke sassauta alamunsa, kuma riƙe hawan jini da suga yana rage saurin lalacewa. Kada a sayo mata maganin barci a kemis don a huta da ita, yakan ƙara rikita tsoho ya kuma jawo faɗuwa.

A gida kuma a daina gardama da ita. Ta ce an sace kuɗi, a ce "Inna, zo mu duba tare", a kuma san wuraren da take ɓoyo. Ta tambayi mijinta da ya rasu shekara goma, ba dole ba ne a sake yi mata sabuwar ta'aziyya kullum. A ce ta ba da labarinsa. A ɗinka suna da lambar waya a jikin zanenta ko rigarsa. A gaya wa mai unguwa da liman da masu shagon bakin layi halin da ake ciki, domin ɓoyewar da ake yi don gudun surutu ita ke sa baƙi su tsince ta su yi mata suna. A bar fitila a hanyar bayi, a kawar da ita daga murhu da gas, a rufe rijiya. Ɗaure tsoho da sarƙa ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Haka nan sa shi ya dangwala hannu a takardar gona ko gida alhali bai san me yake yi ba. A yi addu'a, a yi ta sosai, amma a haɗa da asibiti.

Sannan a tausaya wa mai jinya. A gidaje da yawa mace ɗaya aka bar wa wanka da wanki da zagi da rashin barci, maza suna aiko da kuɗin cefane suna ganin sun fita. Suratul Isra'i ta hana ko nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya riske su a wurinka, kuma 'ya'ya aka yi wa wannan umarni, ba matansu ba. A raba kwana, a raba dare, a bar surukar nan ta je gidansu ta huta.

Idan ka ga an taru a kan wata tsohuwa a titi, ka mayar da wayarka aljihu, ka rufa mata zane, ka ba ta ruwa, ka kai ta wurin mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa a nemo danginta.