Amosanin Gaɓɓai da Hannun Makaɗin Tsirkiya a Ƙasar Daura

A masarautar Daura, daga birnin zuwa Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, kiɗan tsirkiya, wato na garaya da gurmi da goge da kukuma, har da jitar da matasa suka ɗauka daga baya, sana'a ce da ta dogara kacokan ga yatsu. Mawaƙi irin Mamman Shata, wanda aka binne a Daura a 1999, murya ce jarinsa, amma wanda ke riƙe da gurmi yana danne tsirkiya da yatsun hagu yana kaɗawa da na dama, da zarar hannu ya sage, abincinsa ya tsaya.

Abin da jama'a ke kira sanyin ƙashi, masana kuwa amosanin gaɓɓai, ya kasu iri-iri, amma biyu ne suka fi damun hannu. Na farko yana zuwa da shekaru, sa'ad da guringuntsi, wato shimfiɗar nan mai santsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi, ya zaizaye, sai gindin babban yatsa ya riƙa zogi, gaɓɓan da ke kusa da farce su yi ƙulli. Gindin babban yatsan nan kuwa shi ne ke tallafe sandar gurmi ko wuyan jita, don haka makaɗi ke jin ciwon tun kafin wasu su ji. Na biyu yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya tana yaƙar gaɓɓai, yakan kama hannu biyu tare, yatsu su kumbura su sandare fiye da rabin awa da safe, kuma ya fi yawa ga mata. Wannan ba ya son jinkiri, domin idan ba a fara magani da wuri ba yana karkatar da yatsu har abada.

Ciwon ba ya tilasta ajiye kiɗa. Les Paul, gwanin jita na Amurka, amosanin ya sandarar masa da yawancin yatsu, amma ya sauya salon danna tsirkiya, ya ci gaba da wasa duk mako a New York har shekarar rasuwarsa, 2009, yana da shekara 94. Dabarun ba su da tsada: tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin kiɗa, musamman da hunturu, da sassauta tsirkiya ko sa mai laushi, da yanke dogon zama da hutu, da barin yaran makaɗi su ɗauki wuraren da ke buƙatar sauri a hidima mai tsawo irin ta Sallar Gani.

Babban abin tsoro shi ne shan maganin zafi irin su diclofenac da ibuprofen kullum ba da umarnin likita ba, don a samu a kai ƙarshen biki, alhali suna jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, musamman ga dattawa. Tsaga da ƙaho ma ba sa maido da guringuntsin da ya tafi. Ya kamata iyayen gidan makaɗa da masu gayyatar su biki su taimaka wa duk dattijon da yatsunsa suka fara kumbura ya ga likita, ko da za a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.