Biyi Bandele: Ɗan Kafanchan da Ya Hana a Manta da 'Yan Bama

A kowace ranar 15 ga Janairu, manyan jami'an gwamnati kan ajiye furanni a Abuja domin tunawa da 'yan mazan jiya. Sai dai ba kasafai ake ambaton dubban 'yan Arewa da Turawan mulkin mallaka suka kwasa zuwa dazukan Bama a Yaƙin Duniya na Biyu ba. Cikin waɗanda suka adana labarinsu akwai marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan.

An haife shi a 1967 a wannan gari na mahaɗar jiragen ƙasa, inda aikin reluwe ya tara ƙabilu daga ko'ina. Iyayensa Yarabawa ne, mahaifinsa kuma tsohon sojan Bama ne. Ya karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, sannan ya tafi Landan a 1990 ɗauke da rubutattun labarai biyu. Dukansu sun fito a 1991. Daga nan alƙalami ya zama abin dogaronsa: ƙagaggun labarai, wasannin dandamali, daga bisani kuma fim. Shi ne ya ba da umarnin fim ɗin Half of a Yellow Sun na 2013, kan yaƙin basasar Najeriya.

A littafinsa Burma Boy na 2007, jarumin shi ne Ali Banana, yaron maƙeri da ya ƙara wa kansa shekaru domin a ɗauke shi soja. Ya tsinci kansa cikin rundunar Janar Orde Wingate, wadda aka sauke a bayan sahun Japanawa a 1944. Bandele ya bar sojojin da muƙamansu yadda bakin bariki ya saba faɗa: farabiti, samanja, kyaftin. Hausa ce harshen rundunar, kuma bai ɓoye hakan ba.

Littafinsa na ƙarshe, Yorùbá Boy Running, ya fito a 2024, bayan rasuwarsa a Legas cikin Agustan 2022. Labarin Samuel Ajayi Crowther ne, yaron da aka kama a 1821 aka sayar bawa, aka ceto shi daga jirgin masu fataucin bayi, har ya zama bishop a 1864. Wanda ya san abin da dillalan baƙin haure ke yi wa matasa a hanyar Agadez zuwa Libiya ba zai karanta shi a matsayin tsohon zance ba.

Tun rikicin 1987, sunan Kafanchan ya fi fitowa a rahotannin tsaro, inda ake jayayya kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Ga shi kuwa garin ya raini ɗan Bayarabe wanda ya rubuta tarihin sojojin da suka yi yaƙi da harshen Hausa. Ya kamata masu tsara manhajar makarantu da masu shirya bikin 'yan mazan jiya su san da littafin.