Digiri ya zo, amma wa zai koya wa malami tsayuwa gaban aji?

A shekarar 2018 kwalejojin horar da malamai na Gana suka bar difloma ta shekara uku suka koma digiri na shekara huɗu, aka kuma fara jarrabawar lasisin koyarwa. Mun yi murna. To amma fa takarda ba ta koyar da yaro.

Ni dai a kwaleji, abin da ya fi amfane ni shi ne gwajin koyarwa. Wata dattijuwar malama ta zauna bayan aji tana kallona. Da aka tashi ta ce, "Ɗana, kai kaɗai ka yi ta magana, yaran ko uffan ba su ce ba." Laccar wata guda ba ta koya mini abin da wannan maganar ta koya mini ba.

Sabon tsarin ya ce ɗalibi ya fara leƙa makarantu tun shekarar farko. Madalla. Sai dai in mai duba shi na fama da aji cike maƙil, ko malaman kwaleji na yajin aiki kamar na 2024, sa hannu kawai ake yi a takarda.

Mu a Zango muna da ƙarin damuwa. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta zaɓa don makaranta. Yaro a Nima ko Aboabo zai shigo aji ɗaya da Hausa a bakinsa, sabon malami kuwa Twi ko Ga ya karanta. Sai yaron ya yi shiru, a ce daƙiƙi ne.