Ma'anar kalmar "categorically" da yadda ake amfani da ita

Kalmar "categorically" tana cikin kalmomin Ingilishi da ke yawan fitowa a sanarwar hukumomi, wasiƙun lauyoyi da martanin 'yan siyasa, kuma tana cikin waɗanda aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Tushen kuskuren shi ne kamanninta da "category", wadda ke nufin rukuni. Saboda haka wasu kan ɗauka cewa ana nufin an yi abu rukuni-rukuni ko kashi-kashi. Ainihin ma'anarta ita ce faɗin magana kai tsaye, ba sharaɗi, ba togiya.

Kalmomin biyu asalinsu ɗaya, daga harshen Girkanci. Masana falsafa ne suka riƙa amfani da siffar kalmar wajen bayyana hukuncin da bai rataya a kan wani sharaɗi ba, kamar yadda Bajamushen nan Immanuel Kant ya yi a 1785. Wannan ma'anar ce ta zauna a harshen shari'a da na jarida.

Aikinta a jimla shi ne ƙarfafa aikatau, musamman na musantawa, ƙin amincewa da tabbatarwa. Hausa ba ta rasa makamantanta ba. Akan ce ya musanta kwata-kwata, ya ƙi ƙememe, ko ya faɗa ƙarara. Ta bambanta da "vehemently", wadda ke nuna zafin ran mai magana. Mutum na iya musanta abu kwata-kwata cikin sanyin murya.

Muhimmancin wannan bayani yana fitowa fili a wuri irin Tumfure, unguwar da ke kan hanyar Bauchi a gefen garin Gombe, cikin Ƙaramar Hukumar Akko, inda gine-gine suka yi ta ƙaruwa tun bayan da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996.

A ɗauka wani magidanci ya sayi fili a can ta hannun dillali, sai wasiƙar lauya ta iso tana cewa mai filin na asali "categorically denies" sayar da shi. Abin da ake nufi shi ne ba a yi cinikin ba sam, ba wai ana jayayya a kan farashi ko iyaka ba. Idan aka fassara masa cewa wani rukuni na cinikin kaɗai ake musu, zai iya ci gaba da aza tubali, yana zuba kuɗinsa a filin da kotu ce za ta yanke makomarsa.

Sai dai kuma ƙarfin kalmar ba hujja ba ne. Tana nuna matsayin da mai magana ya tsaya a kai, amma ba ta tabbatar da gaskiyarsa. Don haka wanda ya ci karo da ita a takardar da ta shafi dukiyarsa, ya dace ya dakata, ya tattara shaidunsa, ya nemi shawarar lauya kafin ya mayar da martani.