Hannun da Ya Yi Sallama da Galma

Idan aka idar da sallar asuba a Dauran, kowa da abin da yake fara dubawa. Wani turken awaki, wani labarin hanyar Ƙauran Namoda, ko ta kwana lafiya. Shi kuwa wani dattijo mai ciwon ƙoda, wuyan hannunsa na hagu yake fara dubawa. Yakan ɗora yatsu uku ya yi shiru. Idan ya ji jijiyar tana rawa kamar zuma a cikin amya, sai ya ce alhamdu lillahi.

A wurin nan likita ya haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi, aka jira makonni ta yi kauri. Ta nan ake soka allurai biyu idan ya je wankin ƙoda a Gusau, ya kwanta awa 4 inji yana tace masa jini. Ƙa'ida sau 3 ne a mako, amma aljihu da fargabar 'yan bindiga su ke yanke ranar tafiya.

Hannun yana da dokoki. Ba ya ɗaukar galma ko buhun gero, ba a matashi da shi, ba a ɗaura masa agogo, ba a awon jini a jikinsa. Ran kasuwa, idan aka cunkushe a mota, a ƙirji yake rungume shi. In jijiyar ta toshe, sai a koma ga roba a wuya ko a cinya, wadda ke saurin kawo ƙwayoyin cuta.

Tukunyar gidan ma ta sauya. Uwargida ta rage gishiri da ɗunƙule, ta ajiye kanwa. Ƙodar da ta gaza tana barin sinadarai su taru su sandarar da jijiyoyi, shi ya sa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke kan gaba wajen ɗauke masu wankin ƙoda. Ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, aikin da Asibitin Malam Aminu Kano ya fara a 2002, bai rabu da wannan haɗarin ba, domin wasu magungunan bayan dashe suna tayar da hawan jini da suga.

"Malam, da wasa ya fara, ciwon kai da kumburin ƙafa," in ji dattijon.

Mai karatu, hawan jini mai lalata ƙoda ba ya sallama. Ka je a auna ka tun ƙodarka tana aiki.