Hattara Da Maganin Ƙarya Na Cutar Waya

A wannan makon mun ɗauko batun da ya shafi duk gidan da ake da waya ko kwamfuta. Batun shi ne saƙon nan da ke faɗowa kan fuskar waya ba zato ba tsammani, yana cewa wayar ta kamu da cuta, a yi maza a sauke magani. Saƙon ƙarya ne, maganin ma na ƙarya ne. Za mu yi bayanin yadda tarkon yake, da waɗanda suka fi faɗawa cikinsa, da yadda za mu tsira.

Bairos da antibairos

Manhaja ita ce duk wani shiri da ake sakawa a waya ko kwamfuta don ya yi wani aiki, kamar WhatsApp ko wasan ƙwallo. Akwai kuma muguwar manhaja da ake ƙirƙira don ta yi ɓarna. Tana iya lalata hotuna da takardu, ko ta saci lambobin sirri. Ita ce mutane ke kira bairos, wato ƙwayar cutar na'ura. Antibairos kuwa manhaja ce ta gaskiya da ke gadin na'ura, tana kama irin waɗannan ƙwayoyi.

Da 'yan damfara suka ga kowa na tsoron bairos, sai suka ƙera nasu antibairos na jabu. Kamanninsa na mai gadi ne, aikinsa kuwa na ɓarawo. Kura ce da fatar akuya.

Yadda tarkon yake

Mutum yana cikin neman fim ko waƙa, ko yana son kallon ƙwallo kyauta a wani shafi, sai fuskar wayar ta koma ja. Rubutu ya fito, yawanci da Turanci, yana cewa an gano ƙwayoyin cuta huɗu ko goma sha uku. Wani lokaci har wayar ta yi girgiza ko ta yi ƙara. Sai a ga wani layi yana tafiya kamar ana bincike, ga kuma agogo yana ƙirga daƙiƙu. Suna cewa in lokacin ya cika batir zai lalace, ko hotuna su goge, ko a rufe layi. A ƙasa akwai babban maɓalli da ke cewa a latsa a gyara yanzu.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe: shafin intanet ba shi da ikon shiga cikin wayarka ya binciki abin da ke ciki. Wancan layin da ke tafiya hoto ne mai motsi kawai, kamar katun. Duk wanda ya buɗe shafin zai ga ƙwayoyin cuta iri ɗaya, ko da yanzu aka ciro wayarsa daga kwali.

Wani zai ce, to yaya aka yi suka san sunan wayata, suka rubuta Tecno ko Samsung? Amsar ba ta da wuya. Duk lokacin da ka buɗe shafi, burauzarka, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome, tana gaya wa shafin irin na'urar da kake riƙe da ita. Shafin yana iya gane ƙasar da kake ma. Da wannan ɗan bayani suke yi maka burga. Tambarin Google ko na Microsoft da suke maƙalawa kuwa, kwafo shi kawai suka yi.

Abin ya yi kama da mai tallar magani a tasha, wanda daga kallon idonka zai ce kana da tsutsar ciki da shawara da basir, alhali bai auna ka ba, kuma duk maganinsu na cikin kwalba ɗaya da ke hannunsa.

Me suke samu?

Ruwa ba ya tsami banza. Hanyoyin cin ribarsu suna da yawa.

Na farko, su sayar maka da manhajar da ba ta aikin komai.

Na biyu, wajen biyan kuɗin za ka rubuta lambar katin banki. Shi ke nan lambar ta shiga hannunsu, suna iya sake cirar kuɗi ko su sayar wa wasu ɓarayi.

Na uku, manhajar da ka sauke tana iya zama ita ce bairos ɗin. Za ta nemi izinin karanta saƙonninka. In ka ba ta, tana iya ganin lambar nan da banki ke turowa kafin a fitar da kuɗi.

Na huɗu, wasu suna neman ka rubuta lambar wayarka, sai su sa ka cikin wani tsari da ke cin katin waya kullum ba ka sani ba.

Na biyar, a kwamfuta sukan rubuta lambar waya su ce ta kamfanin Microsoft ce, a kira a sami taimako. Wanda zai ɗauka ɗan damfara ne. Zai sa ka ba shi damar sarrafa kwamfutar daga nesa, sannan ya nemi kuɗin gyara. Microsoft da kansa ya bayyana cewa saƙonnin gargaɗinsa na gaskiya ba sa ɗauke da lambar waya.

Ba yau aka fara ba

A watan Disamba na 2008, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, wato FTC, ta kai ƙarar wani kamfani mai suna Innovative Marketing, wanda ke da ofis a birnin Kiyef na ƙasar Yukren. Kamfanin yana sayar da manhajojin jabu masu sunaye kamar WinFixer da XP Antivirus. Hukumar ta ce an yaudari mutane fiye da miliyan 1. A 2012 kotu ta umarci ɗaya daga cikin jagororin harkar da biyan dala miliyan 163.

A watan Satumba na 2009, irin wannan talla ta ɓulla a shafin jaridar New York Times, ɗaya daga cikin manyan jaridun Amurka. 'Yan damfarar sun sayi gurbin talla ne kamar su kamfanin kirki, daga baya suka musanya tallar da tasu. Wannan ya nuna ba sai a shafin banza kaɗai ake gamuwa da tarkon ba.

A 2010 masu bincike na Google suka fitar da sakamakon duba shafuka miliyan 240. Sun gano adireshin intanet fiye da 11,000 da ke yaɗa antibairos na jabu, kuma shi ne kashi 15 cikin 100 na dukkan mugayen manhajojin da suka gano.

A watan Yuni na 2011, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta sanar da tarwatsa wani gungu da ya damfari mutane kusan 960,000, asarar ta kai dala miliyan 72. A shekarar ce kuma wata manhajar jabu mai suna Mac Defender ta addabi masu kwamfutocin Apple, waɗanda da yawansu suka ɗauka cuta ba ta kama na'urarsu.

Da mutane suka koma waya, 'yan damfara suka bi su. A watan Afrilu na 2014, wata manhaja mai suna Virus Shield ta yi kasuwa a Play Store a kan dala 3.99. Fiye da mutum 10,000 suka sauke ta. Da masana suka buɗe cikinta, sai suka ga abu ɗaya take yi: in ka taɓa ta, alamar kuskure ta koma alamar daidai, irin wadda malami ke sa mana a littafi. Google ya cire ta, ya mayar wa mutane kuɗinsu. A 2019 kuma wata cibiyar gwaji ta ƙasar Ostiriya mai suna AV-Comparatives ta gwada manhajojin antibairos 250 na wayoyin Android. Guda 80 ne kawai suka iya kama fiye da kashi 30 cikin 100 na cututtukan ba tare da yi wa manhajojin kirki ƙazafi ba.

Su wa ke faɗawa?

Da yawa suna cewa sai wawa ko wanda bai yi boko ba ake damfara. Ba haka ba ne. Tarkon da tsoro yake aiki, tsoro kuwa ba ya tambayar ajin mutum.

Akwai sababbin shiga, kamar iyaye da kakanni da ba su daɗe da riƙe babbar waya ba. Saƙon ya zo da Turanci, da jan launi, da tambarin babban kamfani. Ba su da hanyar bambance saƙon wayar da saƙon shafi, sai su bi umarni. A Amurka, rahotannin FBI sun nuna cewa waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi asarar kuɗi masu yawa a damfarar nan ta a kira lamba a gyara kwamfuta.

Akwai matasa masu ganin sun san waya. A 2021 Microsoft ya yi bincike a ƙasashe 16, ya gano matasa sun fi tsofaffi yawan gamuwa da irin wannan damfara da kuma biye mata. Dalili kuwa su ne suka fi daɗewa a intanet, su ne masu shiga shafukan fim da waƙa da wasa na kyauta, kuma yatsansu ya fi idonsu sauri.

Akwai masu taka tsantsan. Mutumin da ya ji labarin bairos, yake kuma son kare wayarsa, shi ne zai fi saurin latsa maɓallin da ya ce kariya. 'Yan damfarar suna amfani da kyakkyawar niyyarsa ne su kama shi.

Sai kuma irinmu, yara masu aron waya. Yawancinmu ba mu da wayar kanmu. Ta Mama ko ta Baba ko ta Yaya muke karɓa don aikin gida da aka ba mu a makaranta. Yaron da ya ga jan saƙo a wayar aro, tsoro biyu ne ke kama shi: tsoron ya lalata waya da tsoron faɗa. Sai ya yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye kafin a gani. A nan ne ake yin ɓarnar, domin a cikin wayar nan akwai manhajar banki da saƙonnin kuɗi. Kuɗin cefane ko na makaranta na iya tafiya saboda latsawa ɗaya.

Abin da za mu yi

1. Kada mu taɓa komai a cikin saƙon. Har alamar rufewa da ke jikinsa tana iya zama tarko.

2. Mu rufe shafin gaba ɗaya, ko mu fita daga burauzar. In ya ƙi, mu kashe wayar mu sake kunnawa. A kwamfuta mai Windows a danna Alt da F4 tare. In burauzar ta tambaya ko a dawo da shafukan baya, a ƙi.

3. Kada mu kira lambar da suka rubuta, kada mu ba da lambar waya, ko ta kati, ko lambar sirri, ko BVN.

4. In shafi ya nemi izinin turo sanarwa, kada a ba shi. In an riga an ba shi, a shiga saitin burauza, wajen sanarwa, a cire sunansa.

5. In muna shakka, mu yi amfani da mai gadin da ya zo da na'urar. Play Store yana da Play Protect, wanda ke duba manhajojin waya. Windows 10 da 11 suna da Microsoft Defender. Duka biyun kyauta ne.

6. Kada mu sauke manhaja daga mahaɗin da aka turo a WhatsApp ko wanda talla ta nuna. Ko a Play Store ma a duba sunan kamfanin da irin izinin da manhajar ke nema.

7. In an riga an sauke, a cire ta nan take, a canza lambobin sirri. In an ba da lambar kati, a kira banki ko a je reshe a rufe katin ba tare da ɓata lokaci ba. In katin waya ne ke zurarewa, a kira kamfanin layin. In ba su magance ba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da lambar kai ƙorafi kyauta, 622.

8. Mu gaya wa mai wayar ko wani babba da wuri. Faɗan minti biyar ya fi asarar kuɗin wata.

Muna kuma roƙon iyaye da malamai. Idan yaro ya kawo muku waya ya ce ga abin da ya gani, ku saurare shi kafin ku yi faɗa. Ganin saƙon ba ya nufin ya shiga wurin da bai dace ba, tunda har a shafin babbar jarida ya taɓa fitowa. Yaron da aka daka saboda ya faɗa, gobe ɓoyewa zai yi, ɓoyewar nan kuwa ita ɗan damfara yake so.

'Yan uwa, duk saƙon da ya tsorata mu, ya kuma ce mu yi sauri, to mu tsaya mu tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya karanta wannan, ya koma gida ya yi wa mutum ɗaya bayani, musamman wanda ba ya karanta Turanci. Mai tambaya kuma ya rubuto ya ba kowane ɗan ƙungiyarmu, za mu kai wa malamin kwamfuta, mu liƙa amsar a fitowa ta gaba.