Yadda Za a Jona Tabulet ɗin Ƙungiya da Datar Waya

'Yan uwana mata, daga Dutsin-Ma har Kurfi ana yawan tambayata: tabulet ɗin ƙungiya ba shi da layi, ta yaya sakatariya za ta tura lissafin mako? Babbar waya ɗaya ta wadatar, ko Tecno ko itel.

1. Mai waya ta danna *323# ta ga ragowar datarta.
2. Ta kunna data, ta shiga Settings, ta kunna Hotspot.
3. Ta sa lambar sirri, haruffa ko lambobi aƙalla 8.
4. Sakatariya ta kunna Wi-Fi a tabulet, ta zaɓi sunan wayar, ta shigar da lambar.

A ajiye su kusa da juna, inda sabis ya fi ƙarfi. A zo da waya cike da caji, don abin yana shan batir sosai.

Ga jan kunnena: datar nan kuɗin mai waya ce. Ku tsayar da abin da ƙungiya za ta biya ta, a rubuta a littafi, don gudun ƙorafi. Da an gama turawa, a kashe. Lambar sirri kuwa kamar makullin akwatinmu take. In yara suka same ta, kallon bidiyo zai cinye datar kafin zama na gaba.